Saniya ta Sittin da Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan mai ko shan shayi a garin Marrabee ya san Clarrie Pybus, ko da bai nemi saninsa ba. Kafin shayinka ya huce ya riga ya gaya maka cewa shi a zamaninsa babban mai duba ingancin kaya ne a wata masana'antar rediyo a birnin Launceston, kuma babu na'urar da ke kama magana ta iska da za ta iya ɓoye masa ciwonta. Matarsa Noelene ta san gaskiyar zancen, don ita ke ɗaure masa abincin rana a lokacin. Mako shida ya yi a wurin, yana manna takarda a bayan kwali. Amma shekara talatin da huɗu ke nan ba ta taɓa ƙaryata shi gaban mutane ba. Farar rigar aikin ma tana nan rataye a bayan ƙofa, ita ke wankewa tana gogewa.

Gonarsu ta shanun madara kuwa yanzu a hannun 'yarsu Tegan take. Ita ce ta je ta yi karatun noma, ta dawo da abin da ya sa bakin mutanen gari bai huta ba: ta ɗaura wa shanunsu sittin abin wuya, kowanne da ɗan akwati kamar gwangwanin kifi, ta kafa dogon ƙarfe mai eriya a kan tudu. Da yatsa take zana layi a taswirar gonar, a kan wata faffaɗar waya da suke kira allo. In saniya ta kusanci layin, sai abin wuyan ya yi mata fito. In ta ƙi ji, ya kama rawa. In ta yi taurin kai, ya ɗan tsikare ta da lantarki kamar cizon cinnaka. Cikin mako guda shanun suka gane, suka daina ko kallon shinge. Clarrie kuwa ya bi gari yana cewa shi ya ba yarinyar shawara.

Ranar Asabar ɗin baje kolin amfanin gona, Tegan za ta Launceston taron masu kiwon shanun madara, sai gobe za ta dawo. Ta riga ta tayar da mota, sai ta sauke gilashi ta yafito uwarta.

"Mama, ga allon, ki riƙe a wurinki. Ba sai kin taɓa komai ba. Ƙarfe uku shanu za su kai kansu wurin tatsa, maƙwabcinmu Des zai shigo ya kama muku. Akwai kwali a rumfa, sababbin abin wuya ne guda goma na ƙananan shanu. Kada Baba ya buɗe."

"Ba zai buɗe ba."

"Haka kika ce ranar famfo."

"Ai ranar famfo ruwan ne ya zo da ƙarfi..."

"Mama." Tegan ta dafa jakarta. "Takardar aikin da mutanen jihar Victoria suka yi mini tayi tana nan ciki. Litinin suke son amsa. In na dawo na tarar ya sa hannu a kayana, na rantse miki zan karɓi aikin in haye teku. Na gaji. Ku sayar da shanun ku huta, ni ma in huta."

Noelene ta dube ta. 'Ya ɗaya tilo gare ta, kuma ta san halinta, ba ta faɗin magana sau biyu. Ta rungume allon a ƙirji tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Da ta juyo, ga Clarrie a ƙofar rumfa cikin farar riga, da takardu maƙale a ɗan katako, da wuƙa a hannu, kwalin kuma a buɗe.

"Clarrie! Don girman Allah!"

"Kwantar da hankalinki. Dubawa kawai zan yi. Noelene, kin san adadin shanun da kayan da ba a duba ba ke hallakawa a shekara?"

"Nawa ne?"

"Ba a sani ba! Saboda ba mai dubawa!"

Gwaji na farko na ruwa ne. Ya tsoma ɗaya a kwamin shanu ya ƙirga ɗari. Na biyu na faɗuwa ne, ya hau kan tarakta ya sako wani a kan siminti. Na uku ya cusa shi a firji tsakanin cinyar rago da koren wake. Noelene tana binsa a baya tana tsincewa, tana gogewa da gefen riga, tana mayarwa kwali, tana lissafin yadda za ta manne bakinsa ba a gane ba. Da a nan aka tsaya, da an rufa asiri.

"Saura babban gwaji," in ji Clarrie. Ya cire tabarau ya ajiye a kan firji, ya ɗauki na huɗu. "Ƙwararre ba ya sa wa dabba abin da bai ɗanɗana da wuyansa ba."

"Kar ka..."

Ƙat! Maɗaurin ya kama.

An yi maɗaurin nan ne yadda ko saniya ta kwana tana goga shi a jikin itace ba zai buɗe ba. Sai da wani ɗan mabuɗi, shi kuma yana cikin makullan motar Tegan, a kan hanyar Launceston. Kuma da zarar an ɗaure abin, farkawa yake ya lissafa kansa cikin garke. Allon da ke hannun Noelene ya yi ƙara, ta duba. Shanu: sittin da ɗaya.

Abin wuyan ya yi fito.

"Kin ji ko? Lafiyayyen sauti," Clarrie ya ce, yana rubutawa.

Ya sake fito, sa'an nan ya kama rawa. Sa'an nan Clarrie ya yi tsalle ya saki alƙalami.

Ashe na'urar ta duba ta ga saniya ta sittin da ɗaya tana tsakar gida, 'yan'uwanta kuma suna can makiyayar bakin rafi. In ya nufi ɗaki, fito. In ya nufi rumfa, fito. Hanya ɗaya ce kawai abin ke yin shiru. Haka ya bi ta yana sauri, ya wuce akurkin kaji, ya ratsa taɓo, har ya isa tsakiyar garke. Doris, tsohuwar saniyar da ke jan gaba, ta shinshina aljihunsa ta ci gaba da cin ciyawarta.

Can gefe, a gonar dankali, maƙwabcinsu Des Radford ya kashe babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, ya jingina da turke.

"Barka da hantsi, Clarrie. Sabuwar saye ce? Ban ga hantsa ba."

"Aiki nake, abokina. Wannan mataki na biyu ne. Ba abin da mai dankali zai gane ba ne."

"Haka ne. In ka gama, ciyawar can gefen ta fi daɗi, Doris ce ta gaya mini."

Noelene ta iso tana haki, allon ya sake ƙara. Ta karanta a hankali, tana bin rubutun da yatsa: saniya ta sittin da ɗaya ba ta tuƙa, in ba ta fara ba nan da rabin awa za a sanar da mai gona.

Mai gona! Wato wayar Tegan.

Ba ta tsaya shawara ba. Ta ruga gida ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin da ta gasa jiya don shiga gasar baje koli, masu kwakwa da zuma, masu taurin da alƙalai ke so. Ta dawo ta tura masa ɗaya a baki.

"Tauna."

"Ban jin yun..."

"Tauna na ce! A hankali. Gefe da gefe. Dubi yadda Doris ke yi."

Clarrie ya dubi Doris, Doris ta dube shi. Ya fara karkata muƙamuƙi.

"Sunkuyar da kai, mana. Ka taɓa ganin saniya na kallon sama?"

Des ya zame daga jikin turken ya zauna a ƙasa, yana riƙe ciki. Sai da Clarrie ya ci biskit tara kafin rubutun ya sauya ya ce saniyar ta samu sauƙi. Noelene ta sauke ajiyar zuciya. In ya zauna a nan har ƙarfe uku, ya bi shanu wurin tatsa, da yamma ta nemo mai yankan ƙarfe, watakila a tsira.

"Ƙarfe nawa?" in ji Clarrie.

"Sha biyu saura."

"Ƙarfe biyu nake da jawabi a filin baje koli. Noman zamani. An buga sunana a takarda."

"Ba za ka ba."

"Mutane na jirana, Noelene. Ba ni allon. Matsalar ƙarama ce, layina kawai zan matsar. Minti ɗaya."

"Tegan ta ce..."

"To shi ke nan. Zan tafi da ƙafata, ya yi ta tsikarata har gari, ya aika wa 'yarki saƙo cewa saniya ta tsere. Zaɓi."

Ta zaɓa, ta miƙa masa allon. Ya karɓa ya miƙe hannu da allon can nesa, don tabarau na kan firji, ya runtse ido, ya dangwala ƙaton babban yatsansa a kan makiyaya, ya ja shi har filin ƙwallon gari inda ake baje kolin, ya zana da'ira. Allon ya yi wata tambaya da ƙananan haruffa. Ya danna "e" bai karanta ba.

Abin wuyansa ya yi fito mai taushi.

"Kin gani? Ƙwarewa ba ta tsufa."

Sai wasu sittin suka amsa masa lokaci guda. Doris ta ɗaga kai, ta juya, ta nufi ƙofar da ke kallon titi, wadda aka bari a buɗe saboda motar madara. Sauran suka bi ta a layi.

"Clarrie, shanun!"

"Sabo ne. Dabba ta san mai ita."

"Gaba dai suke da kai, abokina," in ji Des. "Kai ne ke bin su."

Clarrie ya yi ta dangwalar allon. Da abin ya ƙi, ya ce kowane ƙwararre ya san maganin farko shi ne a kashe a kunna. Ya kashe ya kunna. Allon ya nemi lambar sirri. Ya sa ranar haihuwarsa, ya ƙi. Ya sa shekarar da ya yi aiki a masana'anta, ya ƙi. Ya sa ranar aurensu, Noelene ta ce ba ma ita ba ce, allon kuma ya sanar cewa ya kulle kansa na awa biyu. Saƙo dai zai ci gaba da nunawa, amma ba ya karɓar umarnin kowa.

To, ita na'urar in za ta kai garke wani wuri, ba ta sakin su. Layi take sawa a gaba, ta sa wani a baya, tana matsar da su a hankali daidai tafiyar saniya mai ɗauke da madara. Clarrie ya shiga a-kori-kura Noelene ta ja, ba su yi taku ashirin ba ya yi ihu ya diro. Ya gwada tsayawa a baya, aka tsikare shi ya yi gaba. Babu sauran dabara. Kilomita uku ne zuwa gari, haka ya shiga tsakiyarsu da farar rigarsa, wutsiyar wata na share masa fuska. Noelene na biye a mota da fitilu suna ƙyaftawa, Des na gaba a babur yana tare motoci yana gaya wa kowa labari tun daga farko.

Direban wata motar itace ya leƙo. "Ina za a kai su?"

"Jawabi za su saurara!" in ji Des.

Clarrie bai daina aiki ba. Yana rugawa gaban garke ya ji inda fito ke farawa, ya rugo baya ya ji na can, ya rubuta. A wurin gadar rafi allon ya yi ƙara a cinyar Noelene. Ta karanta, ta sake karantawa, kunnuwanta suka yi zafi. Des ya zagayo ya leƙa ta taga.

"Clarrie! Albishirinka! Ya ce saniya ta sittin da ɗaya ta cika zirga-zirga, alamar tana neman bijimi ce. An sanar da likitar dabbobi!"

"Kuskuren na'ura ne! Ka ga amfanin gwaji ke nan!"

"Ka naɗe wuyan da takardar ƙarfen nan ta naɗe abinci mana, yadda masu tsoron tauraron ɗan Adam ke yi wa kawunansu don kada saƙon iska ya same su."

Da wasa Des ya faɗa. Clarrie ya tsaya cak.

"Abin da nake shirin yi ke nan ka riga ni. Noelene, miƙo wadda ke cikin gwangwanin biskit."

Ya naɗe akwatin, ya naɗe wuyan har haɓa, ya koma kamar kazar da za a sa a tanda. Kuma abin mamaki, ya yi aiki. Fito ya ɗauke. Ya taka gaban Doris, shiru. Ya wuce babur ɗin Des, shiru. Ya buɗe hannuwa a tsakiyar titi.

"Shekara talatin da huɗu ina gaya muku! Ba a yi na'urar da..."

Allon ya yi wata ƙara da Noelene ba ta taɓa ji ba. Saniya ta sittin da ɗaya ta ɓace. Ana sanar da mai gona yanzu.

Ba ta san lokacin da ta fito daga mota ba. Ta ratsa shanu, ta cim masa, ta yage takardar da hannu biyu. Abin wuyan ya farka ya tarar da saniyarsa can wajen layi, ya biya bashin duk abin da ya wuce. Clarrie ya dawo cikin garke da gudun da bai yi ba tun yana saurayi.

Amma wayar Noelene ta riga ta fara ruri.

"Mama," in ji Tegan, muryarta a kwance, irin kwanciyar da ta fi tsawa ban tsoro. "Me shanuna ke yi a kan titi?"

"Suna... suna lafiya, 'yar nan. Ba wadda ta taɓa dankalin Des."

"Sittin na bari. Wace ce ta sittin da ɗaya?"

Noelene ta dubi mijinta, yana yi mata alama da hannu ta ce ba ya nan.

"Baƙuwa ce," ta ce.

Sai ta ji ƙarar buɗe ƙofar mota, wayar ta mutu.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci suka shiga filin baje koli, ta babbar ƙofa, daidai lokacin da 'yan makaranta ke busa ƙaho. Masu karɓar tikiti suka dare. Mai lasifika, da ya hango su, ya ɗauka cikin shiri ne.

"Jama'a, ga Clarrie Pybus da noman zamani! A tafa masa!"

Aka tafa. Clarrie ya gyara wuyan riga ya ɗaga hannu. Da gaske ya fara jawabi yana tafe, yana cewa su duba, ba kare, ba sanda, ba shinge. Mutane suka fara gyaɗa kai. Noelene ma ta ɗan ji sanyi.

Sai dai da'irar da babban yatsansa ya zana ba a kan ciyawar fili ta faɗa ba. A kan rumfar gasa ta faɗa, inda aka jera kabeji da kabewa da kek da furanni a kan tebura masu fararen mayafai. Kuma ƙarama ce. Shanu sittin suka dunƙule suka shiga, Clarrie a tsakiya.

Doris ta fara da kabejin da ya zo na ɗaya, ta haɗa da jan ƙyallen da aka maƙala masa. Wata ta sa hanci a kek mai kirim ta ɗago da farin gemu. Teburin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi ya kife. Glenys, matar Des, wadda ta yi shekara tana renon furanninta kamar jarirai, ta hau kujera tana dukan wata saniya da jakar hannu.

"Desmond! Kana tsaye kana dariya? Furena take ci!"

"Ai ta san mai kyau, masoyiya, ba ta taɓa na kowa ba sai naki!"

"Clarrie Pybus, fitar da su!"

"Ana kan bincike, Glenys! Kowa ya natsu! Wannan mataki na biyar ne!"

Ya yi yunƙurin fita ya kamo wata, aka tsikare shi ya dawo. Maza suka zo suna kora, shanun suka kai bakin layi, suka ji fito, suka komo ciki. Lokacin tatsa kuma ya matso, hantsa ta cika, suka fara kuka gaba ɗaya har ƙahon 'yan makaranta ya daina jiyuwa.

Ana cikin haka jama'a suka buɗe hanya. Maxine ce, likitar dabbobi, wadda ke duba tumakin gasa a can gefe. Tana tafe tana jan doguwar safar roba har kafaɗa, irin ta zura hannu a duba cikin saniya, tana kallon wayarta.

"Saƙo ya shigo mini. Ina mai lamba sittin da ɗaya?"

Hannuwa kusan ɗari suka nuna wuri ɗaya. Maxine ta dubi Clarrie daga sama har ƙasa, ta ja bakin safar ta sake shi, fat. Clarrie ya manna bayansa da turken rumfa, bai ƙara cewa mataki na kaza ba.

A haka Tegan ta same su. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi allon daga hannun uwarta, lokacin kullewar ya riga ya cika, ta sa lambarta, ta shafa sau biyu. Shanun suka fito daga rumfa suka tsaya a kan ciyawa, uban ma ya bi su. Ta zagaya ta duba ƙafafunsu da hantsarsu ɗaya bayan ɗaya, ta ba Glenys haƙuri, sa'an nan ta zo gaban Noelene.

"Na gaya miki da safe, Mama."

"Kin gaya mini."

"Gobe zan amsa musu. Ba sai Litinin ba."

Ta ciro makullan mota, ta ware ɗan mabuɗin, ta nufi uban. Clarrie ya miƙa wuya yana murmushi.

"Yauwa, 'yar albarka. Ina da rahoto mai shafi huɗu. Akwai gyare-gyaren da zan yi wa sauran taran gobe, musamman eriyar can ta kan tudu, na lura ta ɗan karkace..."

Noelene ta shiga tsakaninsu. Ta miƙa hannu ta fizge mabuɗin daga hannun 'yarta, ta jefa shi cikin rigarta, can inda ba mai bin sa.

"Ba za a buɗe ba."

"Noelene!"

"Rufe mini baki, Clarrie. Tegan, ni na ba shi allon. Ni na ɗura masa biskit don kada ki sani. Ranar famfo ma ba ruwa ba ne, shi ne, ni na ɓoye sufanar." Ta juya wajen mai lasifika. "Kawo abin maganar nan. Ba jawabi aka ce zai yi ba? Zai yi."

Aka kawo. Ta riƙe masa a baki da kanta.

"Faɗi. Daga yau ba ka taɓa komai a gonar nan in yana da waya, ko batir, ko eriya."

"Haba, Noelene, gaban mutane..."

"Gaban mutane ka shigo da shanu. Faɗi, ko ka kwana a makiyaya har hunturu."

"Har da rediyon mota?"

"Har da tocila."

Clarrie ya dubi jama'a, ya dubi Maxine da safarta. Ya faɗa, lasifika ta kai maganar har wurin ajiye motoci. Noelene ta sa ya maimaita don na baya ba su ji ba. Sa'an nan ta sa hannu a aljihunsa ta zaro makullin rumfar kayan aiki, ta danƙa wa Tegan a tafin hannu ta rufe mata yatsu a kai.

"Ga shi. In ya karya, ni zan fara buga miki waya. Na daina rufawa." Sai ƙarfin ya ƙare mata, ta yi ƙasa da murya. "Victoria fa?"

Tegan ta daɗe tana kallon makullin. Ta dubi rumfar da ta koma kamar an yi yaƙi, ta dubi uban da guntun takardar ƙarfe ke reto a kunnensa, ta dubi uwarta da ke murza gefen riga. Gefen bakinta ya fara motsi, ta danne.

"Awa shida kawai na yi ba na nan, Mama. Awa shida. In na haye teku, me zan dawo in tarar?"

"To kin fasa?"

"Na fasa. Amma ke za ki wanke wa Glenys mayafan teburin."

Noelene ta zauna a kan wani kwandon da ya kife, ta rufe fuska da hannu, ba a san kuka take ko dariya ba.

"To a buɗe ni mana," in ji Clarrie.

"A gida," in ji matarsa ta cikin yatsu. "Bayan tatsa."

Tegan ta zana hanyar komawa a kan allon. Abin wuya sittin da ɗaya suka yi fito tare. Kafin Doris ta gama ɗaga kai, Clarrie ya riga ya juya ya kama hanyar ƙofa, daidai tsakiyar layi, ba sauri ba nawa.

Des ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Ku faɗi gaskiya, jama'a. Sauran sai da suka yi mako guda suna koyo. Wannan wuni ɗaya ta gane."